Ko Da Tsohon Ya Ƙi

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙarfin jiki, ya ƙafar da Mama ta ce tana damunka? Ni dai lafiyata lau, sai mura da ta ƙi sakina tun da na zo garin nan.

Na san sai ka juya ambulan ɗin kana neman mai wannan rubutu. Ni ce autar 'yar'uwarka, wadda ka laƙaba wa Uwar Tambaya ranar da na hana ka shan shayi da "don me, don me". Rabonmu da haɗuwa tun rasuwar Inna matarka, Allah ya jiƙanta, ran nan ma gaisuwa kawai muka yi a cikin mutane. Na so in kira ka, Mama ta ce kunnenka ya yi nauyi, waya faɗa kawai take haɗa ka da jama'a, amma in takarda ce za ka amsa.

Wataƙila ka ji na ɗauki hutu daga aikin asibiti na koma karatu, a fannin kula da tsofaffi. Garin da nisa, kuma ban san kowa ba. Ɗakina a saman wani shagon wanki da guga yake. In injinansu suka tashi har gadona rawa yake, tagata kuma bangon wani gini take kallo. 'Yan ajinmu na girme su nesa ba kusa ba, da an tashi kowa ya kama gabansa. Asabar da Lahadi ina taimakawa a wani gidan kula da tsofaffi, a can ne nake samun masu yi mini hira.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. An ba mu maƙala a kan wannan tambaya: tsohon da ke zaune shi kaɗai, in ƙarfinsa ya fara raguwa, a mayar da shi wurin 'ya'yansa ko gidan kulawa, ko a bar shi inda yake? An ce kowa ya ɗauki matsaya ya kare ta. Na rubuta na kai. Dokta, malamarmu, ta dawo mini da ita, ta rubuta a ƙasa: "Na ji abin da kowa ya ce. Ke ina kika tsaya?" Ta ba ni dama in sake. In wannan ma ba ta yi ba sai na maimaita darasin baɗi, hutuna kuwa ba zai kai baɗi ba.

Mama ta ce duk shekarun da ka yi kana koyarwa kai ne mai horar da 'yan muhawara. Ga maƙalar nan na haɗo. Don Allah ka duba mini, kada ka ji tausayina.

'Yarka,
Uwar Tambaya

*

Uwar Tambaya,

Wa'alaikis salam. Takardarki ta iso. Tela ne ya hawo mini da ita, wanda ke haya a shagon da ke ƙasan gidana, ya kuma ƙi sauka sai da ya ga na buɗe, don ya manta rabon da a kawo mini ambulan mai rubutun hannu. Lafiyata ƙalau. Ƙafa tana nan tana gardama da matakala, amma har yanzu ni nake cin muhawarar. Murarki kuma ki daina raina ta. Ku ma'aikatan asibiti kun fi kowa ƙin shan magani.

Na karanta maƙalar. Doktarku ba ta zalunce ki ba. Kin tara baƙi a falo kin ba kowa kujera, ke kuma kin tsaya a bakin ƙofa riƙe da tire. "Wasu na ganin," "wasu kuma na cewa," "akwai masu ra'ayin." Su wane ne wasun nan? Na yi ta ja musu layi har jan birona ya fara shaƙewa.

Ki rufe littattafan tukuna. Ki rubuta jimla ɗaya tak, wadda in aka karanta ta a cikin mutane wani zai miƙe ya ce bai yarda ba. In ba wanda zai miƙe, to ba ki ce komai ba. Wannan jimla ita ce gidan, sauran rubutun duk hanyar zuwa gidan ne, sakin layin da ya ɓace hanya ki kore shi komai kyansa. Na ga kina son sakin layinki na biyu, mai tarihin gidajen kulawa. Shi za ki fara kora.

Hujja kuma ba a littafi kaɗai take ba. Ke da kike ɗaga tsofaffi kina kwantarwa kowane mako, ban ga ko ɗayansu a rubutunki ba.

Abin da yarana suka fi tsana shi ne wannan: ki nemo wanda ya fi kowa wayo a cikin masu gaba da ke, ki ba shi wuri a maƙalarki ya yi magana son ransa, sannan ki amsa masa. Kada ki zaɓi wawa don ki ji daɗin kayarwa.

Ba zan gaya miki ra'ayina a kan tambayar ba, don kada ki ara. Amma ina da yaƙinin 'yar gidanmu za ta san inda ya dace ta tsaya.

Kada ki ji nauyin aiko mini da rubutu. Aikina yanzu bai wuce ban ruwa ga tukwanen furen marigayiya da karanta wa Tela takardun hukuma ba. Ki gaida Mamanki in kun yi waya.

Kawunki

*

Kawu,

Barka da war haka. Ya ƙafa? Mura ta yi sauƙi, na sha maganin don kada ka sake yi mini gori.

Na yi dariya ni kaɗai a kan maganar tire, har mai shagon wanki ta leƙo ta ga ko baƙo na yi. Na kori sakin layi na biyu, raina bai so ba. Sai na zauna da farar takarda ina neman jimla ɗaya, na kwana biyu ban samu ba.

A wurin aiki na same ta. Akwai wata tsohuwa da muke kira Mai Saƙa, don zare da kwarashin saƙa ba sa barin hannunta. Ita kaɗai take zaune a gidanta bayan rasuwar mijinta. 'Ya'yanta sun yi roƙon duniya ta dawo wurinsu, ta ƙi. Rannan santsi ya kwashe ta a banɗaki, ƙugunta ya karye, ta kasa kaiwa ga waya. Sai da maƙwabciya ta lura labulenta ya kwana ya wuni ba a ɗaga ba aka ɓalle ƙofa. Yanzu ba ta tafiya, kuma ba za ta sake ba. Ina taje mata gashi ina tunanin 'ya'yan nan da suka bi son ranta, sai na ji haushinsu ya kama ni. Na ce to ashe ina da matsaya.

Ga jimlar: "Tsohon da ya fara faɗuwa ko mantuwa, wajibi ne danginsa su ɗauke shi daga zaman kaɗaici, ko da ya ƙi." Na karanta ta da ƙarfi a ɗakina. Ba mai miƙewa, amma injin ƙasa ya tsaya cak, na ɗauka shi ne bai yarda ba.

Na kawo alƙaluman masu bincike a kan faɗuwar tsofaffi a gida, na kawo labarin Mai Saƙa ba tare da na bayyana ta ba. Masu gaba da ni ma na ba su wuri kamar yadda ka ce. Na amsa musu cewa ƙin da tsoho yake yi yawanci tsoro ne da taurin kai, kuma wanda ya saba ba da umarni a ƙuruciyarsa shi ya fi wuyar lallashi. Ka duba ko wurin ya yi ƙarfi.

Af, Yaya Injiniya, babban ɗanka, ya kira ni. Mama ce ta gaya masa muna rubuta wa juna. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce in ci gaba kada in fasa, wai ka fi jin maganar takarda a kan ta baki.

Ina jiran jan biro.

'Yarka,
Uwar Tambaya

*

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiya lau nake.

Na ga maƙalar. Ta yi, ta kai inda aka aike ta. Ki gaya wa Injiniya saƙonsa ya iso hannuna. Ba sai kin sake wahalar da kanki ba.

Kawu

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan gajartar takardarka ba jiki ba ne. Na yi ta juya ta ko akwai saura a baya.

Da na ga ka dawo mini da maƙalar ba ɗigon ja ko ɗaya, ka kuma ce ta yi, sai da na taka rawa a tsakar ɗaki. Na kira Yaya Injiniya na ce saƙonsa ya iso. Ya ce wane saƙo? Can ya ce ƙila man shafawar ƙafa ne da ya aika maka kwanaki.

Na kai wa Dokta da ƙarfin gwiwata. Ofishinta ƙarami ne, takardu har kan kujerar baƙi, sai a tsaye na jira ta gama karantawa. Ta cire tabarau ta ce, "Yanzu na san inda kika tsaya. Amma wa kika kayar?"

Na nuna mata sakin layin masu adawa.

Ta ce, "Kin ce tsoro ne da taurin kai. Kin tambayi ko mutum ɗaya daga cikinsu?"

Na ce ai kowane mako ina tare da su.

Ta ce, "Ban ce kin yi musu wanka ba. Na ce kin tambaye su?"

Kawu, na karɓi takardata. Na fito na zauna a benci a gaban laburare, ɗalibai suna ta wucewa bibbiyu, ni ina riƙe da takarda kamar mai jiran sakamakon gwajin jini. Ta ce in gyara wannan wurin kafin ƙarshen zango, daga nan babu sauran dama.

Shi ne na ce bari in roƙe ka. Ka zama abokin hamayyata, ko da wasa. Kai ma kai kaɗai kake zaune, ko da yake kai da ƙarfinka, maganar ba ta shafe ka ba. Ka sa kanka a matsayin tsohon da aka zo ɗauka, ka gaya mini abin da zai ce. Ka buga da ƙarfi yadda kake buga wa yaranka.

Kuma wahalar da ka ce kada in sake, wallahi ba wahala ba ce. In na dawo daga makaranta, akwatin wasiƙun da ke ƙasan matakala nake fara dubawa kafin in cire takalmi.

'Yarka,
Uwar Tambaya

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya. Makonni sun shuɗe ban ji daga gare ka ba. Na zargi gidan waya, na zargi Tela, har mai shagon wanki na tambaya ko ta ga ambulan ya faɗo bayan injin.

Jiya na kasa daurewa na tambayi Mama ko ta ji labarinka. Ta ce, "Ke ba ki sani ba? Ai shi da Injiniya ba sa ga maciji tun bara. Injiniya ya gyara masa ɗaki a gidansa, ya ce lallai sai ya dawo, shi kuma ya ce ko gawarsa sai an yi da gaske." Tana ta magana, ni kuwa na ɗauko takardarka ta ƙarshe na sake karantawa. "Ta kai inda aka aike ta." Sai yanzu na ji abin da ka ce. Na kuma lura ko sunana ba ka rubuta ba.

Wallahi Kawu ban sani ba. Ba wanda ya aiko ni. Tambayar a allo aka rubuta mana ita, mu duka 'yan aji. Yaya bai taɓa ganin maƙalar ba, bai ma san a kan me take ba. Da na rubuta maganar wanda ya saba ba da umarni, wani tsohon shugaban ma'aikata nake nufi da ke wurin aikinmu, mai jifan mu da cokali. Da na san halin da ake ciki, da na nemi wani ya duba mini, ko da ban san wa zan nema ba.

Ka yi haƙuri da zafin da ka ji. Amma ni ma na ji nawa. Na zaci na samu wanda nake magana da shi a duniyar nan ba don aiki ko maki ba, ashe kallon 'yar aike kake mini.

Ba zan ce maka na janye jimlata don ka huce ba. Kai ka ce in tsaya a wuri ɗaya, kuma har yanzu in na rufe ido ƙofar banɗakin Mai Saƙa nake gani. Abin da nake roƙo, in na yi kuskure ka nuna mini da hujja. In kuma ba ka son sake jin maganar maƙala, ka rubuto layi ɗaya ka ce kana lafiya. Ya ishe ni.

'Yarka

*

Uwar Tambaya,

Wa'alaikis salam. Kada rubutun nan ya ba ki tsoro, da hannun hagu nake yi, shi ya sa ya zama kamar kaza ta bi ta kan takarda. Na ɗauki kwanaki ina yin sa kaɗan-kaɗan.

Takardunki biyu sun iso. Ta farko ban amsa ba don fushi, ba zan ɓoye miki ba. Na karanta maganar Injiniya da maganar mai ba da umarni, na haɗa su wuri ɗaya, na yanke hukunci ban saurari wanda ake tuhuma ba. Da yarona ne ya yi haka a muhawara da na zaunar da shi. Ki yafe wa Kawunki.

Ta biyu kuma ta same ni da hannu a ɗaure. Ina hawa matakala da bokitin ruwan fure da safe, ƙafar nan ta ci muhawara a karon farko. Na gangaro, na dafa da hannun dama, ƙashin wuyan hannu ya tsage. Tela ya ji ƙarar bokiti ya fito da tef ɗin awo a wuya, shi ya kai ni asibiti. Kafin ki faɗa bari in faɗa miki: da ranar hutunsa ce, ba wanda zai ji. Wannan hujjarki ce, na ba ki kyauta.

Yanzu ga tawa, tunda kin nemi abokin hamayya. Bayan rasuwar marigayiya na zauna a gidan Injiniya na ɗan lokaci. Ba abin da suka rage ni da shi. Ɗaki mai banɗaki a ciki, katifa mai laushi, talabijin kamar ƙofa. Matarsa 'yar albarka ce. "Baba zauna. Baba kada ka ɗaga. Baba bari a kawo maka." Rannan na ɗauki farantina zan kai kicin, aka karɓe shi daga hannuna kamar na ɗauko wuta. Da safe kowa ya fice, a ja ƙofar gida a rufe. Unguwar ba shago, ba mai wucewa da ƙafa, katanga ce ke kallon katanga. Duk zamana a can ba wanda ya tambaye ni ko ƙarfe nawa. Kowa yana tambayar lafiyata, ba mai tambayar ra'ayina.

A nan kuwa Tela yana hawowa da takarda ya ce, "Malam, me mutanen nan suke nufi?" Mai burodi ya san ba na son na gefe. Na san inda kujerar marigayiya ta goge fentin bango, kuma ban yarda a shafe wurin ba.

Kada ki ɗauka daɗi nake ji. Akwai ranar da in Tela bai hawo ba, ba na jin muryata sai in na yi tari. Nakan dafa shinkafa in zuba a faranti biyu don mantuwa, in mayar da ɗaya. Kaɗaici a can, kaɗaici a nan. Na nan dai ni na zaɓe shi, kuma shi ne kusan abu na ƙarshe da ya rage ina zaɓa.

Shi ya sa kalmar "ɗauke" ta tsaya mini a wuya. Kaya ake ɗaukewa. Maƙalarki ta lissafa ƙasusuwan da za a tsirar, ba ta ce komai ba a kan abin da ke mutuwa a jikin mutum ranar da aka daina shawara da shi. Wannan ba tsoro ba ne, ba kuma taurin kai kaɗai ba, ko da yake ina da shi daidai gwargwado. Ki sa wannan a bakin abokin hamayyarki, sannan ki amsa masa in kina da amsa. Kada ki canza ko harafi don tausayina. In za ki canza, ki canza don an kayar da ke.

Abu ɗaya nake roƙo. Injiniya bai san na faɗi ba, na kuma hana Tela faɗa. In ya ji, da mota zai zo ba da magana ba. Ki riƙe mini.

Kawunki

*

Kawu,

Sannu, sannu. Allah ya ƙara sauƙi. Ka riƙa motsa yatsun, kuma in ka ga sun kumbura ko sun canza launi ka koma asibiti a ranar, ba washegari ba. Bokiti kuma ka bar wa Tela. Na yafe, ni ma ka yafe mini.

Na karanta takardarka a tsaye a ƙasan matakala, na sake karantawa a zaune. Ran Asabar na yi abin da Dokta ta ce. Ina gyara wa Mai Saƙa matashi na ce, "Mama, da 'ya'yanki sun ɗauke ki da ƙarfi tun kafin ki faɗi, da kin yafe musu?"

Ta yi ta saƙarta kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Da ban yafe ba." Ta ja zare ta ƙara da cewa, "Amma da ina zuwa banɗaki da ƙafata." Sai ta ce in miƙo mata shuɗin zare.

Na dawo da maganarta da taka, na baza su a kan gado, na rasa wadda zan kora. Ka kayar da ni a kan "ɗauke", na cire ta, na cire "ko da ya ƙi". Amma ba ka kayar da ni duka ba. Ga sabuwar jimlar: "Tsoho mai hankalinsa shi ke da ta cewa a kan inda zai zauna, amma haƙƙin danginsa ne su san gaskiyar halin da yake ciki, su kuma yi gardama da shi a kai." Na sa maganar faranti da ƙarfe nawa a bakin abokin hamayya, ban ambace ka ba. Na amsa masa cewa wanda yake so a yi shawara da shi, ba zai ɓoye wa abokan shawarar abin da ya faru a matakala ba.

Ba don kai na rubuta wannan layin ba, amma da na gama na san kai zai fara samu. Ba zan kira Yaya ba, na riƙe maka. Sai dai yakan kira ni yanzu ya ce, "Ya Baba a takarda?" In ya tambaya, bakina ba zai iya cewa lafiya lau ba. Gara ya ji daga gare ka.

Na miƙa maƙalar, sakamako ya fito. Na ci, ba da wani yabo ba. Dokta ta rubuta cewa abokin hamayyata ya fi ni iya magana, kuma na gudu daga batun tsohon da mantuwa ta ci ƙarfinsa, wanda gaskiya ne, na gudu. Amma ba zan maimaita ba. Da na fito na tsaya a bakin titi da waya a hannu, na kira Mama ba ta ɗauka ba. Na dawo na gaya wa mai shagon wanki na ci. Ta ce barka, ta ci gaba da ninke zanen gado, ba ta tambayi me na ci ba.

Ga kwafin nan. Ko da hagu ne, ina son jan biro.

'Yarka,
Uwar Tambaya

*

Uwar Tambaya,

Barka, barka da arziki. Na gaya wa Tela kin ci, shi ya tambayi me kika ci, na yi masa bayani har ya yi da-na-sanin tambaya. Hannu da sauƙi, yatsu suna motsi.

Jimlarki ta yi tsawo, rabinta na biyu yana jan ƙafa. Doktarku kuma ta yi gaskiya a kan mantuwa. Sauran gyaran yana jikin kwafin. Amma na nemi inda zan miƙe in ce ban yarda ba, na daɗe ina nema.

Na sa Tela ya kira mini Injiniya. Na karɓi wayar na faɗi abin da ya faru tun daga bokiti har asibiti, na miƙa wa Tela abarsa. Amfanin nauyin kunne ke nan, na faɗi nawa ban ji nasa ba.

Ya zo a ƙarshen mako, shi kaɗai. Na shirya wa faɗa, bai yi ba. Ya tsaya a matakalar yana kallon inda bokiti ya ɓantare siminti, sannan ya hawo ya zauna kusa da kunnena mai ji. Muka yi gardamar da kika ce, tun hantsi har rana ta juya. Na gaya masa maganar faranti, bai taɓa sani ba. Shi kuma ya ce, "Baba, duk lokacin da baƙuwar lamba ta kira ni, sai na nemi wuri na zauna kafin in ɗauka." Na duba shi, na ga furfura a gemunsa, ban san yaushe ta fito ba. A nan ya kayar da ni.

Don haka zan tafi gidansa. Ba ɗauka ta aka yi ba, ni na ce to, ki rubuta wannan a wani wuri. Na kafa sharuɗɗa: ba za a sayar da gidan nan ba, ba za a sa kowa a samansa ba, farantina kuma ni zan riƙa kai shi kicin. Mun ce sai hannu ya warke a sake zama. Ni da shi duk mun san yadda irin wannan "sai" take ƙarewa, amma ba wanda ya faɗa.

Yau na wuni ina nuna abin da za a sa a kwali da abin da za a bari. Yawanci bari na ce a yi. Ɗakin ya fara amsa murya. Tela ya hawo ya karɓi makulli, ya tsaya yana juya shi a hannu, ya ce wa zai riƙa karanta masa takardu. Na ce ya nemi tabarau, karatunsa ya fi yadda yake nunawa. Muka yi dariya, ya sauka da sauri.

Gobe da safe motar za ta zo. Sabon adireshin yana bayan takardar nan. Ki rubuto ko babu maƙala. Ki gaya mini abin da kike gani a hanyar makaranta, da abin da aka ce a aji, komai ƙanƙantarsa, ki kuma tambaye ni me na gani a kai. Zan amsa da wuri. A can ba abin da zai riƙe ni.

Kawunki